Maganin Gargajiya a Lokacin Kemo: Matakan da Mai Sankarar Ƙwan Mace Za Ta Bi

Tambaya ɗaya ce ke ta dawo mini, kowa da yadda yake kawo ta. Wata ta ce an fara yi wa mahaifiyarta kemo, wato maganin sankara da ake ɗurawa a jijiya, ga kuma jiƙon da kawunsu ya aiko daga ƙauye, a haɗa ko a bari? Wani ya ce matarsa tana shan man habbatus sauda safe da yamma, yana so ya san ko da matsala. Wata kuwa cewa ta yi ita dai tana shan abinta, amma ba za ta gaya wa likita ba don kada ya yi mata faɗa. Maganar wannan baiwar Allah ce ta sa na zauna na rubuta wannan.

A sashen magunguna na asibiti nake aiki, kuma a gidan da ake jiƙa sabara da marke na tashi, don haka ban raina itace ba. Paclitaxel, ɗaya daga cikin manyan magungunan wannan cuta, daga ɓawon wata bishiya ta yammacin Amurka aka fara samo shi. Itace yana da ƙarfi ƙwarai, kuma ƙarfin nan ne ke sa ya iya cin karo da abin da ake ɗura miki a jijiya. Ga yadda za a bi abin daki-daki.

1. Ki san sunan abin da ake ɗura miki

Kada ki tsaya a kan "ana yi mini kemo". Ki samu ƙaramin littafi, ki roƙi nas ta rubuta miki sunayen magungunan. Yawancin masu sankarar ƙwan mace ana fara musu da guda biyu ne, carboplatin da paclitaxel, duk bayan mako 3, galibi sau 6. Wasu ana yi musu tiyata tukuna, wasu kuma sai an yi zagaye 3 sannan a shiga tiyata a dawo a ƙarasa.

Dalilin sanin sunan shi ne kowanne da ƙofar da yake fita daga jiki. Carboplatin ta ƙoda yake fita, shi ya sa ake auna aikin ƙodarki kafin kowane zagaye, da sakamakon ne ake lissafa adadin da za a ba ki. Idan wani jiƙo ya raunana ƙodar bayan an yi lissafin, maganin zai daɗe a jini fiye da yadda aka tsara, ya ƙara danne ɓargo, inda jiki ke ƙera jini. Paclitaxel kuma hanta ce ke sarrafa shi, ta hannun wasu sinadarai da ake kira CYP3A4 da CYP2C8. Ki ɗauke su kamar leburorin da ke kwashe kaya a tasha. Akwai ganyen da ke sa su gaggawa, su kwashe maganin tun bai gama aiki a kan cutar ba. Akwai wanda ke sa su nawa, maganin ya taru ya zama dafi. Duka biyun ba a ganinsu da ido a ranar.

A littafin nan ki haɗa da ƙananan magungunan da ke rakiyar kemo: dexamethasone, maganin amai irin su ondansetron, maganin ciwo, da maganin tsinka jini idan an ba ki, kamar warfarin, rivaroxaban ko allurar enoxaparin. Wannan cuta tana yawan kawo gudajin jini a ƙafa ko huhu, shi ya sa mata da dama ke kan irin waɗannan.

Gargaɗi: ba ganye kaɗai ke karo da kemo ba. Idan kina shan maganin tarin fuka mai rifampicin, ko na farfaɗiya irin su carbamazepine da phenytoin, ko na ƙanjamau, ki faɗa tun ranar farko. Kada ki daina su da kanki.

2. Ki tattara komai a leda ɗaya

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma shi ne ginshiƙin sauran.

Na taɓa zama da wata dattijuwa da aka ɗage wa zagaye na uku saboda gwajin ƙodarta ya lalace. Na tambaye ta ko tana shan wani abu a gida, ta ce, "A'a 'yata, sai abin da kuka ba ni." Ɗiyarta tana tsaye tana murza bakin mayafi. Da na ce, "Mama, ba faɗa zan yi ba, so nake mu gano abin da ya taɓa ƙodar," sai ɗiyar ta buɗe jaka ta fito da gorar ruwa da aka cire wa takarda, cike da wani ruwa ja-ja, sassaƙe na yawo a ƙasa. Bayan ita ga ƙullin gari biyu a farar leda, ga katin diclofenac saura ƙwaya uku. Tsohuwar ba ƙarya ta yi niyya ba. A ganinta magani shi ne abin da aka rubuta a kati, wannan kuwa taimako ne na 'yan uwa. Aka dakatar da su duka, aka ba ta ruwa, bayan kwanaki ƙodar ta dawo daidai, amma ta yi asarar lokaci da kuɗin mota da na sabon gwaji.

Saboda haka ki zagaya ɗaki da kicin, ki zuba waɗannan a leda: jiƙo da tsimi da sassaƙe da saiwa, garin da ake sha a kunu ko nono, kwalaben shagon magungunan Musulunci, ganyen shayin wanke ciki ko rage tumbi, ƙwayoyin ƙarin kuzari da masu tallan gida-gida ke kawowa, maganin basir, maganin sanyi, kayan mata, da duk abin da aka sayo a kemis ba da takardar likita ba. A littafinki, gaban kowanne, ki rubuta wanda ya ba ki, yawan da kike sha, sau nawa a rana, da tun yaushe.

Wanda ba a san abin da ke ciki ba, a tura wani ya tambayi mai maganin sunayen itatuwan. Masu magani na kirki suna faɗa. Idan ya ce sirri ne, to an gama magana, ba a haɗa sirri da kemo.

Gargaɗi: lambar NAFDAC a jikin kwalba ba shaidar warkarwa ba ce. Yawancin magungunan gargajiya lambarsu tana ƙarewa da harafin L, ma'ana an yi musu rajistar wucin gadi bayan duba lafiyar shansu, ba wai an tabbatar da abin da suke iƙirari ba. Kuma babu wanda ya gwada su tare da carboplatin.

3. Ki kai ledar asibiti, ki buɗe baki

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki tafi da ledar ranar ganin likita, kafin zagayen farko idan da hali. Idan layi ya yi yawa likita na sauri, ki nemi mai haɗa magunguna na sashen ko nas ɗin ɗakin kemo, sun fi samun sararin zama da ke.

Ba sai kin yi doguwar shimfiɗa ba. Ki ce, "Likita, ga abubuwan da nake sha a gida. Wanne zan bari, wanne zan ci gaba?" Ki sa a rubuta amsar a littafinki da kuma fayil ɗinki. Idan kina jin nauyi, ɗiyarki ko ƙanwarki ta yi maganar. Wani ma'aikacin zai ɗaure fuska, na sani, kuma laifinmu ne mu ma'aikata da muka sa mutane ke tsoron faɗa mana gaskiya. Ɗaure fuskar minti biyu dai ta fi kwanciyar mako guda sauƙi.

Mai wayar da ke shiga intanet a gidan zai iya duba About Herbs, rumbun bayani na kyauta da cibiyar kula da masu sankara ta Memorial Sloan Kettering da ke New York ta tanada. Da Turanci yake, kuma ya ƙunshi zogale, citta, tafarnuwa, kurkum da habbatus sauda. Ana duba shi ne don a san abin da za a tambayi likita.

4. Ki raba kayan gida uku

Ma'aunin da nake ba kowa shi ne: abin da ya shiga tukunyar miya daban, abin da aka tace aka mayar ƙwaya ko mai ko jiƙo mai kauri daban. Tafarnuwa biyu a miya abinci ce. Ƙwayar tafarnuwa ta kwalba, ko dunƙule guda a haɗiye kullum da sassafe, magani ne.

Kashi na farko, waɗanda za a ajiye yau ɗin nan.

Duk haɗin da ba a san abin da ke ciki ba. Ba wai ganyen kaɗai ake tsoro ba. An sha samun irin waɗannan haɗe-haɗe da dalma a ciki, ko an barbaɗa musu maganin ciwo ko sitiroyid don mai sha ya ji sauƙi nan take ya dawo ya ƙara saye.

St John's wort. Ganyen Turai ne, yana zuwa a ƙwayoyin kwantar da hankali da na barci da ake shigowa da su, don haka a karanta jikin kwalba. Shi ne kan gaba wajen sa hanta gaggawar zubar da magani. A wani gwaji da aka yi a Holan a 2002, ya rage sinadarin da ke aiki na wani maganin kemo mai suna irinotecan da kashi 42 cikin 100 a jinin marasa lafiya. Ko an daina shi, tasirinsa kan ɗauki kamar mako 2 kafin ya gushe.

Ganyen sawasop, wanda wasu ke kira tuwon biri. Ana ta yaɗa shi a WhatsApp da Facebook a matsayin maganin kansa. Babu gwajin da ya nuna yana warkar da sankara a jikin mutum, amma an san yana ɗauke da sinadarin annonacin mai cutar da ƙwayoyin jijiya. Paclitaxel kansa yana taɓa jijiyoyin hannu da ƙafa, ba a ƙara wa jaki kaya a kan gyambo.

Ƙwallon afirkot mai ɗaci da abin da ake sayarwa da sunan bitamin B17. Ba bitamin ba ne. A cikin ciki yana rikiɗa ya zama sayanayid, guba mai kisa.

Filasko, sanamaki, ruwan alobera mai ɗaci da duk shayin wanke ciki. Gudawa tana ƙarar da ruwan jiki da sinadarin fotasiyam, ƙoda ce ke biyan bashin. Akwai kuma wani haɗari da ya keɓanta da wannan cuta, zan zo kansa a mataki na 7.

Irkusus, saiwar nan mai zaƙi. Yana hawar da jini, yana zubar da fotasiyam. Ga wadda ke kan dexamethasone ko bevacizumab, wani maganin sankara da ake ƙara wa wasu, abin ya zama biyu.

Saiwa da ɓawon zogale, man darbejiya, da kanwa a matsayin magani. Kunun kanwa ma a sassauta, gishirin cikinta yana ƙara tara ruwa ga wadda cikinta ya riga ya kumbura.

Manyan ƙwayoyin bitamin C, E da makamantansu da ake cewa suna wanke guba. Wani bincike a Amurka da aka fitar a 2019 kan mata masu sankarar nono ya ga alamar cewa masu shan irin waɗannan kafin kemo da lokacinsa cutar ta fi dawo musu. Sai dai idan likita ne ya rubuta saboda wani rashi da gwaji ya nuna.

Kashi na biyu, a ci a abinci, ban da tataccensu.

Citta, tafarnuwa, kanumfari, kurkum da hulba. A miya da shayi mara kauri ba laifi. Idan suka yi yawa suna iya rage daskarewar jini, alhali carboplatin ya riga ya rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, waɗanda za ki ga an rubuta PLT a takardar gwaji. Wadda ke kan warfarin ta ninka hattara. Ƙwayar kurkum ta kwalba, musamman wadda aka haɗa da sinadarin masoro don ta fi shiga jiki, an samu mutanen da ta ji wa ciwo a hanta. Haka ƙwayar tataccen koren shayi. Kirfa ma idan ana shan ta cokali-cokali kullum tana wahalar da hanta.

Ganyen zogale. A dafa shi, a yi kwaɗo ko miya, abinci ne mai kyau. Ban da cika cokali da garinsa sau uku a rana.

Habbatus sauda. Na san matsayinta a zukatanmu, ba kuma ina jayayya da shi ba ne. 'Yan ƙwayoyi a abinci daban, cokalin mai safe da yamma daban. Man yana iya saukar da sukari da hawan jini, kuma ba a auna yadda yake tafiya da waɗannan magunguna a jikin mutane ba. Shawarata a jinkirta man har a gama zagayen, sannan a yi magana da likita.

Shuwaka, hulba da zoɓo ga mai ciwon sukari ko hawan jini. Dexamethasone yana ɗaga sukari na 'yan kwanaki bayan kowane kemo, su kuma waɗannan suna saukarwa, ga maganin asibiti a gefe. Sai awo ya riƙa hawa da sauka ba a san dalili ba. Kofin zoɓo na gida da aka tafasa ba komai. Na gora da ake tallansa a tasha ne ban yarda da shi ba, saboda ruwan da gorar.

Girefurut, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci. Yana toshe CYP3A4. Shi kam ko a matsayin abinci, a bar shi da ruwansa har a gama magani. Lemon zaƙi ba ya cikin wannan.

Kashi na uku, waɗanda ba su karo da komai: addu'a, karatun Alƙur'ani, ruƙiyya, sadaka, zamzam mai tsabta, dabino da aka wanke, tausa mai sauƙi da man zaitun ko man kaɗanya a fatar da ba rauni. Ba wanda zai hana ki waɗannan. Idan rubutu ne, a wanke allon da tafasasshen ruwa, a sha a ranar, kada a barbaɗa masa wani gari.

5. Ki zana kalandar kwana 21

A littafinki ki ja layi 21, ranar kemo ita ce ta 1. Ki yi wa kwana na 7 zuwa na 14 jan layi. A tsakanin nan ne fararen ƙwayoyin jini, sojojin jiki, suka fi yin ƙasa. Ƙwayoyin tsayar da jini kuma sukan ci gaba da sauka har wajen mako na uku. Ƙwayar cutar da lafiyayye zai shanye bai sani ba tana iya kwantar da ke.

Tsawon watannin kemo gaba ɗaya, ban da ƙaho, ban da tsaga, ban da sakiya, ban da cire haƙori ba da sanin likitanki ba. Na nanata sakiya saboda cikin mai wannan cuta yakan tara ruwa ya yi tulu, sai wani ya ce a kai ta a huda. A asibiti ake zuƙe wannan ruwa, da allura mai tsabta, bayan an duba jini.

Ban da ɗanyen nono da kindirmon da ba a san yadda aka yi shi ba. Idan ana son fura, a dama da madarar da aka tafasa ko yogot na kamfani. Ɗanyar madarar raƙumi da fitsarinsa suna iya ɗauke da cutar burusela, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansu saboda cutar numfashi ta MERS. Jiƙon da ya kwana uku a randa, ko da ganyensa ba shi da illa, ruwan ya riga ya zama gidan ƙwayoyin cuta.

Ki sayi ma'aunin zafin jiki na dijital, kusan kowane kemis yana da shi, kuma a duk kayan jinyar nan babu mai arha da amfani kamarsa.

Gargaɗi: idan awo ya kai 38, asibiti za a nufa a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kada a ce maleriya ce a jiƙa tazargade ko darbejiya, kada a sha farasitamol a kwanta a ga abin da safiya za ta yi. Da isa a ce, "Tana kan kemo, ga ranar da aka yi mata na ƙarshe." Irin wannan zazzaɓi ana so a fara masa allurar kashe ƙwayoyin cuta cikin awa guda da isowa.

Kafin kowane zagaye za a duba jini. Yawancin asibitoci suna son sojojin da ake kira nutrofil su kai 1,500, ƙwayoyin tsayar da jini su kai 100,000. Idan an ɗage miki zagaye, tambayar farko da za ki yi wa kanki ita ce ko wani sabon abu ya shiga bakinki a makonnin nan.

6. Mako biyu kafin tiyata

A dakatar da duk wani ganye da ƙwayar ƙari aƙalla mako 2 kafin ranar aiki, har waɗanda likita ya yarda da su a baya. Wasu suna sa zubar jini, wasu suna rikita maganin sa barci. Ki nuna wa likitan da zai sa ki barci littafinki.

Bayan aiki, idan an cire mahaifa, akwai ɗinki a can cikin farji da ke buƙatar makonni kafin ya warke. Ban da matsi, ban da tsuguno a kan hayaƙi, ban da zama cikin ruwan bagaruwa ko wani ganye, sai likita ya duba ya ce ya warke. Kada a shafa komai a kan ɗinkin ciki.

Wadda aka cire wa ƙwai tana da sauran ƙuruciya za ta fara jin zafi na taso mata, da gumin dare, da bushewar gaba. A nan ne ƙawaye ke kawo kayan mata. Wasu nau'o'in wannan sankara suna jin sinadarin mata na istirojin, kuma ba ki san abin da aka zuba a haɗin ba. Ki faɗa wa likita damuwar kai tsaye, akwai abin da zai iya ba ki wanda ya dace da nau'in cutarki.

7. Ki magance abin da ke kai ki ga jiƙon

Babu wadda ke shan ɗaci don marmari. Wahala ce ke sa a nema, don haka a tari wahalar.

Tashin zuciya: ki sha maganin amai a kan lokacin da aka rubuta, kada ki jira sai aman ya zo. Shayin citta mara kauri, yanka biyu ko uku a kofi, yana taimaka wa wasu. Idan maganin bai riƙe ki ba a zagayen nan, ki faɗa a sauya kafin na gaba.

Taurin bayan gida: ondansetron da tramadol da mofin duk suna kawo shi. Ruwa, gwanda, miyar kuɓewa da ɗan tattaki suna taimakawa, likita kuma yana da maganin da aka auna. Ga haɗarin da na ambata a baya: sankarar ƙwan mace tana iya toshe hanji. Idan ciki ya kumbura yana murɗawa, ana amai, ba bayan gida, ko tusa ba ta fita, wannan ba basir ba ne. Filasko a kan toshesshen hanji yana iya fasa shi. Kada a ba ta komai ta baki, a tafi asibiti.

Ƙarancin jini: za a kawo miki jiƙon karan dafi, ɗanyen ruwan ugu da maganin ƙarin jini na kwalba. Ƙarancin jinin kemo daga ɓargo yake, ƙarfen jini ba ya gyara shi sai in gwaji ya nuna shi ne ya yi ƙasa. Ki ci hanta da nama da ƙwai da wake da ganye, duk a dafe sosai.

Dindiris ko jin kamar ana tsira allura a yatsu: aikin paclitaxel ne. Ki faɗa da wuri, musamman idan ɓalla maɓalli ko riƙe allura ya fara gagara, domin rage adadin maganin ne ke hana abin zama na dindindin. Kada ki gasa ƙafar da ruwan zafi ko garwashi, za ki ƙone ba ki ji ba.

Ciwon baki: ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, a kurkure sau da yawa a rana. Ban da kanwa, ban da alif.

Ciwon jiki: ban da ibuprofen, diclofenac da asfirin sai da izini. Suna taɓa ƙoda, suna sa zubar jini.

8. Idan an riga an sha

Ki daina, ki adana ragowar da kwalbar, ki sanar da asibiti kafin zagaye na gaba don a duba hanta da ƙoda. Kada a sha wani jiƙon don a wanke na farko. A tafi asibiti a ranar idan ido ya yi rawaya, fitsari ya ragu sosai ko ya yi duhu kamar shayi, dasashi ko hanci na zubar jini, bayan gida ya yi baƙi, ƙafa ɗaya ta kumbura, numfashi ya yi wuya, ko amai da gudawa sun hana ruwa zama.

9. Lissafin kuɗi

Sau da yawa tsadar kemo ce ke tura iyali wajen mai magani, kuma ban ga laifin wanda aljihunsa ya gaza ba. Amma a yi lissafin duka. Zagaye ɗaya da aka ɗage yana jawo sabon gwaji, kuɗin mota zuwa da dawowa, wani lokaci ledar jini ko allurar filgrastim ta tayar da sojojin jiki, ko kwanciya. Kwalaben da masu talla ke sayarwa saiti-saiti kuwa, na ga iyalin da abin da suka kashe a kansu zai biya musu zagaye guda cif.

Kafin a fid da rai, a je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin. A 2019 an ƙaddamar da wani shiri na rage farashin magungunan kemo a wasu asibitocin koyarwa na Najeriya, ciki har da na Malam Aminu Kano, na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya da Babban Asibitin Ƙasa na Abuja. A tambaya a sashen magunguna ko maganinki yana ciki. A Nijar akwai cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa a Yamai.

Gargaɗi mafi nauyi a duk rubutun nan: kada a ajiye kemo a koma gargajiya zalla da niyyar a dawo in bai yi ba. Masu bincike a Jami'ar Yale sun bi bayanan masu sankarar nono, huhu, hanji da ta prostate ta maza a Amurka, suka wallafa a 2018 cewa waɗanda suka zaɓi madadin magani kaɗai haɗarin mutuwarsu ya ninka sau biyu da rabi. Sankarar ƙwan mace tana cikin waɗanda ke jin kemo sosai a karon farko, yawancin mata ƙarin yana raguwa. Wata uku da aka ɓata ana gwaji ba ya dawowa.

10. Yadda za a yi da masu kawo taimako

Surukarki ta taho tun daga gari da ƙullin magani a bakin zane, ba za ki ce mata ki mayar ba. Ki karɓa da hannu biyu, ki yi godiya, ki ce, "Inna, Allah ya saka da alheri. Likita ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in bari sai na gama nasu tukuna." A ajiye shi a wani ɗaki, ba a gefen gadonki ba.

A zaɓi mutum ɗaya a gidan, miji ko babbar ɗiya, ya zama duk abin da za ki sha sai ya bi ta hannunsa, shi ne kuma mai riƙe littafin. Maigida ya fi kowa iya tare 'yan uwansa, don haka a shiga da shi wajen likita ko sau ɗaya ya ji da kunnensa. Mai son taimakawa kuma a nuna masa inda ake buƙata: ya ba da jini, ya biya kuɗin mota, ya kawo ƙwai da kifi, ya kwana da yara ranar kemo.

11. Bayan zagaye na shida

Gama ɗurin ba shi ne buɗe ƙofa ba. Wasu za a ɗora su a kan ƙwayoyin riƙe cuta irin su olaparib ko niraparib, ko a ci gaba da bevacizumab. Olaparib ta baki ake shan sa kullum, kuma sinadarin hanta na CYP3A ne ke sarrafa shi, don haka takardarsa ta hana girefurut, lemo mai ɗaci na Sebil da St John's wort ƙarara. Niraparib da bevacizumab suna iya hawar da jini, a riƙa awo a gida, irkusus kuma ya ci gaba da zama a ajiye.

Idan ba a ɗora ki a kan komai ba, kuma gwajin hanta da ƙoda da jini sun daidaita, ki koma wa likita da ledar nan. Abin da ya amince da shi, ki fara guda ɗaya tak, kaɗan, ki rubuta ranar, ki ba shi mako 2 kafin ki ƙara wani, don in wani abu ya taso a san mai laifi. Ranakun awon jini na CA-125, wanda ake bibiyar cutar da shi, da na ganin likita kuma ki rubuta su a shafin farko na littafin, ki riƙa zuwa da shi duk ranar asibiti.